Baƙin ƙyalle da albarkacin baki: nazarin hukuncin Tinker (1969) ta fuskar ilimin harshe

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba hukuncin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke ranar 24 ga Fabrairu 1969 a shari'ar da aka sani da sunan Tinker, wadda ta shafi ɗaliban da aka dakatar daga makaranta don sun ɗaura baƙin ƙyalle a hannun riga suna nuna ƙin yaƙin Biyetnam. Mun karanta hukuncin a matsayin matani, da kayan aikin ilimin harshe. A ganinmu kotun ta yi daidai da ta ɗauki ƙyallen a matsayin magana. Amma ma'aunin da ta kafa yana auna abin da magana ta haifar a wurin masu sauraro, ya bar abin da mai magana ya aikata, don haka ya sa ƴancin ɗalibi a hannun waɗanda suka ƙi jinin maganarsa.

0. Gabatarwa

Masana shari'a sun daɗe suna tattauna wannan hukunci, kuma ba fagensu muke son shiga ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, kafin alƙalan su ce wane ke da gaskiya, sai da suka amsa tambayoyi biyu waɗanda na masu nazarin harshe ne. Ta farko, shin abin da ba a furta da baki ba yana iya zama magana? Ta biyu, idan magana ta jawo hayaniya, wa ke da alhakin hayaniyar, wanda ya faɗa ko wanda ya ji? Za mu fara da kawo abin da ya faru, sa'an nan mu bi yadda alƙalan suka amsa kowace tambaya, mu duba abin da ma'auninsu ya haifar a shari'o'in da suka biyo baya, kana mu kwatanta shi da hanyar da Faransa ta bi, tun da yawancin masu karatunmu sun fi sanin dokokinta.

1. Abin da ya faru a Des Moines

A ƙarshen 1965 Amurka tana da soja fiye da 180,000 a Biyetnam, kuma masu sukar yaƙin a fili tsiraru ne. A watan Disamba na wannan shekara wasu manya da ɗalibai suka yi taro a gidan iyalin Eckhardt, a birnin Des Moines na jihar Iowa. Suka shirya ɗaura baƙin ƙyalle a hannu daga 16 ga Disamba har zuwa sabuwar shekara, don juyayin waɗanda suka mutu da kuma goyon bayan tsagaita wuta. Faɗin ƙyallen bai wuce santimita 5 ba.

Shugabannin makarantun birnin suka samu labari. Ranar 14 ga Disamba suka zauna suka kafa doka: duk ɗalibin da ya zo da ƙyallen za a ce ya cire, in ya ƙi a dakatar da shi har sai ya dawo babu shi. Ranar 16 ga wata Mary Beth Tinker mai shekara 13 da Christopher Eckhardt mai shekara 16 suka zo da nasu, washegari John Tinker mai shekara 15 ya zo da nasa. Makarantun nasu daidai suke da kolej da lise a tsarinmu. Cikin ɗalibai 18,000 na makarantun birnin, kaɗan ne suka ɗaura, biyar aka dakatar. Waɗannan uku ba su koma aji ba sai bayan sabuwar shekara, lokacin da wa'adin da suka ɗiba wa kansu ya cika.

Iyayensu suka kai ƙara. A 1966 kotun tarayya ta farko ta ba makaranta gaskiya, ta ce dokar tana bisa hankali tun da an yi ta don kauce wa rikici. A 1967 alƙalan kotun ɗaukaka ƙara suka rabu biyu daidai, hukuncin farko ya tsaya. Kotun Ƙoli ta saurari shari'ar ranar 12 ga Nuwamba 1968, ta ba ɗaliban gaskiya da alƙalai 7, biyu suka ƙi. Abe Fortas ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, Hugo Black da John Harlan kowa ya rubuta nasa na ƙin yarda. Kafin hukuncin ya fito John da Christopher sun riga sun gama sakandare, sojan Amurka a Biyetnam sun haura 500,000, kuma sukar yaƙin ta zama abin da ake ji ko'ina.

2. Ƙyalle magana ne?

2.1. Gyara na farko ga kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, yana kare abin da ya kira da kalmar Ingilishi *speech*, wadda asalinta furuci ne da baki. Sanarwar Faransa ta 1789, a saƙa ta 11, ta fi faɗi, don ta yi zancen isar da tunani da ra'ayi, ko da yake misalan da ta jera su ne yin magana da rubutawa da bugawa. Hausa ma da baki ta ɗaure abin: muna cewa ƴancin faɗar albarkacin baki. To ƙyalle ba shi da baki, kuma wata tara kafin wannan hukunci, a Mayu 1968, kotun nan ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa David O'Brien wanda ya ƙone katinsa na kiran soja a bainar jama'a a Boston, ta ce ba kowane aiki ke zama magana ba don kawai mai shi yana nufin isar da wani ra'ayi.

Fortas ya ce ɗaura ƙyallen yana dab da tsantsar magana, ya kuma raba shi da dokokin tsawon siket ko irin aski. Muna tare da shi, amma dalilin yana bukatar fayyacewa fiye da yadda ya yi. A wurin Saussure alama tana da fuska biyu, abin da ido ko kunne ke kamawa da ma'anar da ke manne da shi, kuma abin da ke haɗa su yarjejeniya ce ta al'umma. Baƙin ƙyalle a hannu yana nufin juyayi a al'adar Turai da Amurka. A ƙasar Hausa ana gane mai takaba da barin ado, kuma wanda ya ɗaura baƙin tsumma a dantse a kasuwar Maradi ana iya zaton ciwo gare shi. Ke nan ma'anar tana cikin yarjejeniya, kamar ta kowace kalma. Niyyar mai ɗaurawa ita kaɗai ba ta isa ba, sai da masu karantawa waɗanda suka san ƙa'idar.

2.2. A Des Moines ma'ana uku ce ta hau kan juna. Ta farko tsohuwa ce, juyayin matattu. Ta biyu sabuwa ce, ƙin yaƙin Biyetnam, wadda ƴan mutane kaɗan suka ƙulla a ɗaki guda. Wa ya koya wa sauran ɗalibai wannan ma'ana ta biyu? Babban mai yaɗa ta ita ce dokar 14 ga Disamba, wadda ta riga ƙyallen farko shiga makaranta da kwana biyu. Da hukuma ta hana shi, ta sanar da kowa abin da yake nufi, ta kuma ƙara masa ma'ana ta uku, wato ƙin bin umurni. Har an ji wasu ɗalibai suna cewa in aka bar baƙi su ma za su zo da ƙyallaye masu wasu launuka. Alama ɗaya ta fara haifar da tsari na alamomi masu adawa da juna, kuma wannan shi ne halin harshe.

2.3. Hujjar da ta fi ƙarfi a rubutun Fortas irin wadda muke koya wa ɗaliban shekarar farko ce, wato gwajin musaya. Idan muna son mu nuna cewa /k/ da /ƙ/ sautuka ne daban a Hausa, sai mu ajiye *baki* da *baƙi* gefe da gefe: abu ɗaya ya sauya, ma'ana ta sauya. Fortas ya nuna cewa a makarantun nan ɗalibai suna maƙala bajojin ƴan takarar siyasa, wasu har suna sa Giciyen Ƙarfe wanda ake dangantawa da ƴan Nazi, ba a hana kowa ba. Wuri ɗaya, jiki ɗaya, irin alama ɗaya, amma ɗaya kawai aka hana. Abin da ya bambanta ta shi ne abin da take faɗa. Da wannan hukumar makaranta ta shaida da kanta cewa ƙyallen magana ne, don ba a hana abu saboda ma'anarsa sai in yana da ma'ana. Akwai ma ƙarin shaida a cikin takardun shari'ar: abin da ya jawo zaman shugabannin shi ne wani ɗalibi da ya gaya wa malamin aikin jarida yana son ya rubuta sharhi kan Biyetnam a jaridar makaranta, aka lallashe shi ya bari.

Har ila yau Fortas ya ƙi yarda a ɗauki ɗalibi a matsayin mai karɓar saƙo kawai, wanda hukuma ke zuba masa abin da ta zaɓa. Wanda ya san zanen Jakobson na 1960, mai aikawa a gefe guda mai karɓa a gefe guda, zai gane abin da ake nufi: a zance na gaskiya kujerun nan biyu musayarsu ake yi. Jimlar hukuncin da ta fi shahara ma'anarta ita ce, ɗalibi da malami ba su ajiye ƴancinsu a ƙofar makaranta, kamar yadda ake tuɓe takalmi a bakin zaure. Har zuwa nan ba mu da ja.

3. Matakai uku na aikin magana

Kafin mu shiga inda muke da ja, sai mun ɗauko rabe-raben John Austin, daga laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955, waɗanda aka buga a 1962 aka fassara su da Faransanci a 1970. Austin ya ce duk mai magana ayyuka uku yake yi a lokaci guda. Mu ɗauki wanda ya ce wa baƙo: akwai kare a gidan nan. Fitar da sautukan da jera kalmomin bisa nahawu shi ne aikin furtawa, *acte locutoire*. Abin da ya aikata ta hanyar faɗar, wato gargaɗi, shi za mu kira ƙudurin furuci, *acte illocutoire*. Abin da ya biyo baya, ko baƙon ya tsorata ya koma, ko ya yi dariya, ko ya ji haushi, shi ne tasirin furuci, *acte perlocutoire*.

Bambancin da ya shafe mu shi ne wannan. Ƙuduri yana bin ƙa'idar da al'umma ta sani: akwai yadda ake gargaɗi, da yadda ake alkawari, da yadda ake zagi ko ta'aziyya, kuma shaidu suna iya cewa wanne aka yi. Tasiri kuwa ba shi da ƙa'ida. Gaisuwa tana iya fusata wanda ke jin haushinka tun jiya. Mai magana shi ke da ƙudurinsa, tasiri kuma rabinsa ko fiye yana hannun mai ji.

A Des Moines furtawar ita ce ɗaura ƙyalle. Ƙudurin shi ne juyayi da nuna ƙin yarda. Tasirin shi ne duk abin da ɗalibai da malamai suka yi da suka gani. A kan wanne kotu ta kafa ma'auninta?

4. Abin da kotu ta auna

4.1. Ta kafa shi a kan na uku. Ƙa'idar da Fortas ya ajiye ita ce, makaranta ba ta da ikon hana ɗalibi bayyana ra'ayi sai ta nuna cewa abin zai dagula aikin makaranta dagulawa ta zahiri kuma mai yawa, ko ya taka haƙƙin wasu. Tsoro maras tushe bai isa ba, son kauce wa rashin daɗin da ra'ayin tsiraru ke kawowa ma bai isa ba. Don ya nuna cewa ɗaliban sun tsallake wannan ma'auni, sai ya yi ta siffanta aikinsu da shiru da rashin motsi. An ɗan jefa musu baƙaƙen maganganu a wajen aji, in ji shi, amma ba a yi barazana ko duka a harabar makaranta ba, darasi bai tsaya ba.

Akwai tufka da warwara a nan. A rabin farko na hukuncin ƙyallen ya cancanci kariya don yana magana. A rabi na biyu ya samu kariyar don maganar tasa ba ta motsa kome ba. Amma wanda ya tashi nuna ƙin yaƙi so yake a motsa. In aka bi wannan ma'auni zuwa ƙarshensa, zanga-zangar da ta fi samun kariya ita ce wadda ba wanda ya kula da ita.

4.2. Adalci ne mu ce Fortas ya hango matsalar. A wani sakin layi ya ce duk kalmar da ta saɓa wa ra'ayin wani, a aji ko a wurin cin abinci, tana iya tada gardama ko rikici, kuma tsarin mulki ya ce a rungumi wannan kasada. Ya jingina da shari'ar Terminiello ta 1949, inda kotu ta soke hukuncin da aka yi wa wani mai jawabi a Chicago wanda jawabinsa ya harzuƙa taron da ke waje. Sai dai wannan sakin layi wa'azi ne. Abin da ƙananan kotuna ke ɗauka su yi aiki da shi ita ce jimlar ƙa'ida, kuma nahawun jimlar ne ya bar ƙofa a buɗe.

A wurin da Fortas ya rufe hukuncin, ya ce babu wata shaida da za ta sa hukuma ta yi hasashen dagulewa mai yawa. Kalmar da ya yi amfani da ita suna ce da aka ƙera daga aikatau, kuma sanannen abu ne cewa irin wannan ƙira tana haɗiye mai aikatawa. Haka yake a Hausa. In muka ce Audu ya tada hankali, mun san wanda za a kama. In muka ce an samu tashin hankali, ba mu faɗi wanda ya tada ba. Dagulewar da ake hasashe ta wa ce, ta mai ƙyalle ko ta wanda ya ga ƙyalle ya kai duka? Jimlar ba ta ce ba. Bugu da ƙari, kalmomin auna yawa guda biyu da ke tare da ita ba su da sikeli, sa'an nan kalmar hasashe ta mayar da tasirin da ake aunawa wanda bai ma auku ba tukuna, yana cikin kan shugaban makaranta.

4.3. Abin lura shi ne ma'aunin aro ne, kuma a inda aka aro shi mai aikatawa yana nan. A rana ɗaya cikin 1966 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke shari'a biyu daga jihar Misisipi, duka kan ɗalibai baƙar fata masu maƙala bajojin neman ƴancin zaɓe. A shari'ar Burnside ɗaliban sun sa bajojinsu sun zauna aji, kotu ta ba su gaskiya. A shari'ar Blackwell masu bajojin sun riƙa surutu a farfajiya lokacin darasi suna maƙala wa waɗanda ba su so, kotu ta ba makaranta gaskiya. Alama ɗaya, alƙalai ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su shi ne abin da masu bajojin suka aikata da hannunsu. Fortas ya ɗauko kalmomin Burnside, amma bai ɗaure su da wannan sharaɗi yadda ba za su kwance ba.

5. Hugo Black: ganin daidai, hukuncin kuskure

Black ya yi suna wajen kare ƴancin magana, amma ya daɗe yana raba magana da aiki. A wannan shari'a ya ƙi yarda da siffar shiru da Fortas ya zana. Ya kawo shaidar cewa an yi ta tsokaci da ba'a da gargaɗi, cewa wani babban ɗalibi ɗan ƙwallo sai da ya ja kunnen wasu su ƙyale masu ƙyallen, kuma cewa darasin wani malamin lissafi ya kusa rushewa saboda gardama da Mary Beth. Ya ce ƙyallen ya yi daidai abin da shugabannin suka hanga, ya ɗauke hankalin yara daga karatu ya kai shi Biyetnam.

Ta fuskar ilimin harshe Black ya fi Fortas gaskiya a nan. Shiru ma magana ce, in ji Hausawa, kuma alamar da ke manne a jiki tana da wani hali da furucin baki ba shi da shi: ba ta ƙarewa. Jimla ana faɗarta ta wuce, a ba wani dama. Ƙyalle kuwa yana faɗar abinsa tun daga ƙararrawar safe har ta tashi, ba ya jiran a ba shi izini, malami ba shi da yadda zai ce masa dakata. A makarantar da wani tsohon ɗalibinta ya mutu a Biyetnam kuma abokansa suna nan, kamar yadda hukumar ta ambata cikin dalilanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda Black ya ɓata shi ne abin da ya ɗora a kai. Ya ɗauki ɗaukar hankali a matsayin laifi. Amma ɗaukar hankali sharaɗi ne na kowace magana, Giciyen Ƙarfe ma yana ɗauka. In aka hana duk abin da ke sa ɗalibi tunanin wani abu ban da darasi, to an hana ɗalibi zama mai magana ke nan, kuma Black bai ɓoye cewa a ganinsa yara sun zo koyo ne ba koyarwa ba. Abin mamaki shi ne shi da Fortas a kan mataki ɗaya suke tsaye. Dukansu tasiri suke aunawa, saɓaninsu a kan yawansa ne kawai. Harlan ne ya ɗan kauce: ya ce a duba niyyar hukuma, ko ta yi dokar don murƙushe ra'ayi ne, amma ya ɗora wa ɗalibi nauyin kawo hujja.

6. Abin da ma'aunin ya haifar

Idan karatunmu daidai ne, ya kamata a ga ɗalibi yana cin nasara inda masu sauraro suka natsu, yana faɗuwa inda suka yi barazana, ko da abin da ya aikata iri ɗaya ne. Haka kuwa aka gani. A 1970, a shari'ar Guzick, wata kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan wata makaranta a East Cleveland da ta dakatar da ɗalibi mai bajon kiran zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam. Makarantar tana da tsohuwar doka da ta hana kowane irin bajo, wannan ya raba ta da Des Moines, amma kotun ta kuma dogara da zaman ɗar-ɗar na launin fata da ke makarantar, wanda ba ɗalibin ya haddasa ba. A 2003, gab da yaƙin Iraƙi, wata makaranta a Dearborn ta jihar Michigan ta hana wani ɗalibi sa riga mai hoton shugaba George W. Bush da rubutun da ke kiransa ɗan ta'adda. Alƙalin tarayya ya ba ɗalibin gaskiya don ba a nuna wata dagulewa ta kirki ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili na Kalifoniya ne. Ranar 5 ga Mayu 2010, ranar wani bikin ƴan asalin Meziko, shugabannin wata makaranta a Morgan Hill suka ce wa ɗalibai masu riguna da tutar Amurka su juya rigunan ko su tafi gida, don an ji ana yi musu barazana. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makaranta ta yi daidai, ta kafa hujja da Tinker. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2015. Wanda aka yi wa barazana shi aka rufe wa baki, da sunan hukuncin da aka yi don buɗe shi.

Kotun Ƙoli da kanta ta rage faɗin Tinker ta wasu hanyoyi: a 1986 kan jawabin batsa a taron makaranta, a 1988 kan jaridar da makaranta ke ɗaukar nauyi, a 2007 kan wani ƙyallen rubutu a Alaska da aka fassara da tallar ƙwaya. A 2021 kuma ta kare wata ɗaliba da aka hukunta kan abin da ta sa a Snapchat a wajen makaranta. Babu ɗaya cikinsu da ya mayar da mai aikatawa cikin jimlar 1969.

7. Kwatanci da Faransa

Faransa ta fuskanci tambayar alama a jikin ɗalibi ta wata ƙofa, ta addini, don haka kwatancin namu a kan ma'auni ne kawai. Bayan an hana ƴan mata uku shiga aji a wani kolej na Creil saboda ɗan kwali, Majalisar Shawara ta Ƙasa, *Conseil d'État*, ta ba da ra'ayinta ranar 27 ga Nuwamba 1989. Ta ce sa alamar addini shi kaɗai bai saɓa wa tsarin raba addini da hukuma ba, sai in yadda aka sa ta ya zama matsin lamba, ko tsokana, ko jan mutane zuwa addini, ko farfaganda, ko kuma ya dagula koyarwa. Huɗun farko duka sunayen ƙuduri ne, ayyukan da mai alama ke yi. Dokar 15 ga Maris 2004 ta sauya mataki: ta hana alamun da ke nuna addini a bayyane a makarantun gwamnati, ta yi amfani da bayanau *ostensiblement* a inda ra'ayin 1989 ya ce *ostentatoire*. Kalmar 1989 tana ɗauke da niyyar nuna kai, ta 2004 kuwa a aikace ta koma kan abin da ido ke gani.

Ke nan muna da ma'auni uku a kan matakai uku na Austin: dokar 2004 tana auna furtawa, ra'ayin 1989 yana auna ƙuduri galibi, hukuncin 1969 yana auna tasiri. Na farko ya fi sauƙin aiki ga shugaban makaranta, amma ba ya tambayar abin da ɗalibi ya yi. Na uku yana da sassauci, amma yana hukunta ɗalibi kan abin da wani ya yi. Na tsakiya ne kaɗai ke ɗaure horo da aikin wanda ake horo.

8. Kammalawa

Ana iya kawo mana suka biyu. Ta farko, shugaban makarantar da ya ga faɗa na shirin ɓarkewa a fili ba shi da lokacin rarrabe ƙuduri da tasiri. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai hana shi raba yara ko kai wani ofis don tsare lafiyarsa. Amma matakin tsaro na sa'a ɗaya daban yake da dakatarwa, wadda horo ce mai shiga takardun ɗalibi, kuma dokar Des Moines an yi ta ne a zaune, kwana biyu kafin kome ya faru. Ta biyu, ƙuduri ma ana jayayya a kansa, barazana tana iya sa rigar juyayi, alama ɗaya tana iya zama tunawa a wurin wani, zagi a wurin wani. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai jayayya kan ƙuduri ana yin ta da ƙa'idar da al'umma ta sani da abin da shaidu suka gani, kuma mai sauraro ba ya iya sauya shi bayan an gama magana. Tasiri kuwa yana iya ƙera shi da dunƙulen hannu.

Saboda haka muna ganin hukuncin Tinker ya amsa tambayar farko da kyau, ya bar ta biyu a rataye. Gyaran da yake bukata na nahawu ne: a mayar da suna aikatau, a faɗi mai aikatawa. Duk wanda zai fassara irin wannan matani zuwa Hausa, ko zai rubuta dokar cikin gida ta wata makaranta, ya kamata ya tsaya a kan kowace jimla mai cewa an samu rikici ko ana tsoron tashin hankali, ya tambayi kansa wa ya tada shi, kafin ya rubuta wanda za a kora.